Faifan Auta

Litinin, da hantsi

Likita ya yarda. Sai da ya juya biro a hannunsa, ya ajiye, ya sake ɗauka, kamar wanda aka kira rabon gado, sannan ya ce to, a nuna mata yaron, amma a talabijin. Jariri ba zai shiga wannan ɓangaren ba, yanzu dai. Na ce ga shi nan a wayata, har ta kusa fashewa da hotunansa. Ya ce, "Mama, kin san dokarmu." Na sani. Waya ba ta wuce teburin mai gadi tun da wani ɗan ziyara marar tarbiyya ya ɗauki wata marar lafiya a bidiyo ya watsa wa duniya. Shi ya yi aika-aikar, 'yata ke shan hukuncin.

Bari in rubuta yadda abin yake sau ɗaya, ko na daina maimaita shi a cikin kaina. Auta, 'yata, tana kwance a ɓangaren masu taɓin hankali tun safiyar da jaririnta ya faɗo daga hannunta a matakala, ya ji ciwo a ka. Ta sa a ranta ɗanta ya mutu, mu kuma duk mun haɗa baki muna yi mata ƙarya. Ta daina cin abinci. Yaron kuwa ga shi nan a kan gadona yana tsotsar hannu, lafiyarsa lau. Ni ke renonsa. Angona nake ce masa, kuma ango ne mai mulki. Likita ya ce in wata ya ƙare ba ta ci ba, za su mayar da ita bene na sama su sa mata roba ta hanci. A sama ba a ziyara.

Na riga na kai mata hotunan takarda. Ta juya bayansu, ta miƙo min, ta ce kowane jariri ma haka yake.

Abin da ya rage min ke nan: ɗakin zamansu, kujerun roba, talabijin a cikin kejin ƙarfe, da wata tsohuwar na'urar dibidi a ƙasanta, irin wadda na ɗauka zuriyarta ta ƙare. Ba ta da ramin filasha. Faifai kawai take ci. Ziyara kuma Laraba da Lahadi.

Rabin rayuwata a laburare na yi ta, ina nemo wa mutane abin da ko sunansa ba su sani ba. Faifai ba zai gagare ni ba.

Talata, ƙarfe huɗu na yamma

Na zaga shaguna neman faifai marar komai. Masu shagunan suna kallona kamar na ce a ba ni allurar garmaho. A ƙarshe wani ya zaro su daga ƙarƙashin kwalayen caja. Na aro tsohuwar kwamfutar ofis, mai aljihun faifai a gefe. Na kwaso hotuna da bidiyo daga waya, na zuba su a faifai yadda ake zuba kaya a akwati. Kwamfuta ta yi ƙugi ta tofo shi. Na mayar, ya buɗe, komai na nan. Ashe abin ba wuya.

Malam, mijina, ya leƙo ya ce, "Malama, an zama injiniya ke nan?" Na ce ai gara wani ya zama wani abu a gidan nan. Ya koma wurin rediyonsa.

Laraba, bayan ziyara

Babbar Nas ta buɗe kejin da makullin da ke rataye a wuyanta, ta sa faifan da kanta. Na'urar ta haɗiye, ta yi tunani, ta ƙara tunani, sannan ta rubuto da Turanci cewa ba ta san wannan faifan ba. Aka fitar, aka goge da gefen riga, aka mayar. Ba ta san shi ba. Akwai wata dattijuwa cikin marasa lafiyar da kullum take zaune gaban talabijin, a kunne take ko a kashe. Ta ce, "Ku hura masa iska." Har hakan na yi. Ni.

Auta na zaune kusa da ni, hannayenta a cinya, a buɗe, kamar wani ne ya ajiye mata su. Wuyan rigarta ya yi mata yawa. Ko allon ba ta kalla ba. Ta ce, "Umma, ki daina wahalar da kanki. Ai na sani."

Na ce, "Me kika sani, uwar 'yan sani? Ɗanki ya yi min fitsari a zane yau da safe, ga shi ko canzawa ban yi ba. Shaƙa ki ji."

Ta yi min murmushin da ake yi wa yaro in ya ce ya ga zaki a tsakar gida.

Ba ta ci ba.

Alhamis, da azahar

Na karanta, na gane wautata. Ashe zuba fayil a faifai daban, faifan da na'ura za ta kunna daban. Abin da na yi akwati ne. Kwamfuta ta iya buɗe akwati ta laluba, ita kuwa wannan tsohuwar sai an juya mata bidiyon zuwa yarenta, an tauna mata, an jera mata a tsarin da ta saba tun tana budurwa.

Ba ni da ziyarar da zan sake zubarwa, don haka na haɗiye girman kaina na tafi wurin Mai Hoto, mai ɗaukar bukukuwa a ƙarshen layinmu. Bai ko ɗago daga kwamfutarsa ba. Ya ce, "Na biki ne ko na rasuwa? Ado biyu gare ni."

Na ce, "Na mai rai ne."

"To na biki ke nan. Ki bar min kawai, Mama, wannan ba aikin da za ki wahalar da idonki ba ne."

Na ce idona ya karanta abin da ya fi nauyin shagonsa da shi a ciki. Abu ɗaya nake so: a sa, ya kama. Ya ce an gama.

Juma'a, da yamma

Angona ya yi murmushi. Malam ya ce iska ce a cikinsa. Na buga asibiti na tambaya. Ba ta ci ba.

Lahadi, ƙarfe biyar

Da surukina muka je, mijin Auta. Shi ma ya rame, na lura ya ƙara huji a bel ɗinsa, amma yau ba ni da tausayin da zan raba.

Faifan ya kama. Sai ga furanni suna juyawa, ga tantabaru biyu riƙe da ƙyalle, ga sunan shagon Mai Hoto da lambar wayarsa ɓaro-ɓaro, ga wani ɗan akwati a tsakiya yana jiran a zaɓe shi kafin a shiga ciki. Kiɗa ya kai ƙarshe ya dawo farko. Ya sake dawowa.

Na ce a ba ni rimot. Babbar Nas ta ce, "Rimot? Ai tun bara wata ta jefa shi a masai." Na ce to a danna a jikin na'urar. Madannin kunnawa ya lotsa ciki, ya mutu. Na buɗe baki da na kashewa kawai ke aiki. Na zura yatsa ta cikin kejin, na zura biro, na zura makullin motar surukina. Tantabaru suna ta shawagi.

Dattijuwar talabijin ta tafa hannu ta ce, "Amarya ta ƙi fitowa!" Ɗakin ya yi dariya. Jikana yana bayan waɗannan furannin, taku ɗaya, kuma babu hanyar isa gare shi.

Auta ta miƙe tun lokaci bai cika ba. Mijinta ya kira ta da sunan da shi kaɗai ke kiranta da shi. Ta ce, "Ka yafe min," ta wuce. Ya tsaya yana kallon taga yana karkaɗa makulli, har sai da na ce ya daina ko in karɓe.

Litinin, da safe

Mai Hoto ya ce, "Ai ba ki ce min ba rimot ba, Mama." Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ji kamar in kifa masa fitilar ɗaukar hoton a ka. Na karɓi kayana. Da hannuna zan yi.

Litinin, bayan la'asar

Na dawo na tarar da Malam a ƙofar sito, gizo-gizo a gemu, rungume da tamu tsohuwar na'urar da muka ajiye tun yara suna makaranta. Ban roƙe shi ba. Ya goge ta, ya haɗa ta da talabijin ɗin falo. Sannan ya ɗauki rimot ɗin ya kulle a aljihun tebur, ya manna salatif a kan madannin kunnawa. Ya ce, "Yanzu ta zama irin tasu. In ya yi a nan, zai yi a can."

Shekarun da muka yi tare, ban taɓa jin ya yi magana mai amfani a taƙaice haka ba. Ban faɗa masa ba, kar ya saba.

Talata, ƙarfe shida na yamma

Na samo manhajar da ke juya bidiyo, na yi ta fama da ita tun safe, Angona a kafaɗa. Na cire shafin zaɓi gaba ɗaya. Na sa ya fara da kansa da zarar an rufe bakin na'ura. Faifai biyu na lalata kafin na gane sai an rufe aikin a ƙarshe, in ba haka ba kwamfutar da ta buga shi kaɗai ke gane shi.

Surukina ya zo zaɓen hotuna. Ya zauna a bakin kujera kamar baƙo. Ya ce, "Ban da wannan, Umma, ana ganin gefen." Na ce to. "Ban da wannan ma, hular ta zame." Na ce to. Tun da aka sallamo yaron daga ɓangaren yara muke sa masa hula, ko ana zafi. Ba wanda ya ce a yi hakan. Haka kawai muka tsinci kanmu.

Da muka zo kan bidiyoyin ya ce a cire masu kuka, kukan zai tayar mata da hankali. Sauran kuma suna rawa, hannuna ba ya tsayawa wuri ɗaya. Muka bar hotuna zalla, mafiya kyau. Manhajar ta ba ni zaɓin yadda hoto zai bi hoto, na ɗauki mafi taushi. Ta ba ni kiɗa, na ɗauki mafi sanyi.

Muka gwada a falo. Ya fara da kansa. Mu uku muka zauna muka kalla har ƙarshe, Malam yana share ido da hularsa. Surukina ya ce, "Ya yi kyau, Umma."

Ya yi kyau ƙwarai.

Laraba, da rana

Ya kama.

Laraba, da magariba

Zan rubuta, don in ban rubuta ba zan fasa wani abu a gidan nan.

Hoto ya fito a hankali daga cikin duhu. Ya tsaya. Ya narke ya koma duhu. Kiɗa yana tafiya kamar mai ciwon ƙafa. Ga yaro a cikin farin shawul, ido a rufe, hannu a kan ƙirji. Duhu. Ga shi kuma, ido a rufe. Duhu. Ga shi a kan gadona, ido a rufe. Yaushe ake samun hoton jariri mai kyau in ba yana barci ba? Duk wanda muka zaɓa barci yake. Ko motsi ɗaya babu. Ko numfashi.

Ban gani ba. Wallahi ban gani ba, sai da dattijuwar talabijin ta gyara mayafinta ta ce da ƙarfi, "Allah ya jiƙansa. Na wa ne?"

Auta ta kalla har ƙarshe, karon farko da ta ɗaga ido. Ta miƙe a natse. Ta ce, "Na gode, Umma. Ko ba komai na ga yadda aka shirya shi. Kun yi masa kyau."

Sautin da ta yi da ta kai baranda ba zan rubuta shi ba. Nas uku ne suka riƙe ta.

Mutum uku, manya, masu karatu, muka zauna a falo muka haɗa wa yaro mai rai faifan ta'aziyya, har muna yabon kanmu. Mai Hoto da nake wa kallon jaki ya san ado biyu ne a duniya. Ni da ake kira Malama na je na ɗauko na biyun da hannuna.

Alhamis

Ba komai yau.

Juma'a, da hantsi

Likita ya ce an gama da faifai. Ya ce, "Mama, mun gwada, kin ga sakamakon." Na ce ba ku gwada ba, ni na gwada, ku keji kuka buɗe. Ya ce sun sa mata ƙarin ruwa, kuma an tanadi gado a sama. Ya faɗi hakan yana duba agogo. Ɗan da na tabbata uwarsa na goye da shi lokacin da na fara aiki.

Babbar Nas ta biyo ni har bakin ƙofa. Ba ta da sakin fuska, amma ba ta ƙarya. Ta ce da Auta ta farfaɗo daga allurar barcin da aka yi mata, magana biyu ta yi ta nanatawa. Ta farko: "Bai yi kuka ba da aka ɗauke shi." Ta biyu, tana taɓa saman kunnenta na hagu: "In da yana da rai, da wurin ya warke, da sun nuna min. Sun rufe ne don bai warke ba."

Na jingina da bango. Ana cewa hankalinta ya gushe, amma wannan lissafin ba na mahaukaciya ba ne. 'Yata ce. Ni na koya mata in ana ba ta labari ta nemi abin da aka tsallake.

Kuma gaskiyarta, bai yi kuka ba. Sai a mota ya yi, a hannuna. Ita tana can zaune a saman matakala, ba ta ji ba. Iyakar abin da zan rubuta game da safiyar nan ke nan.

Asabar, bayan azahar

Na faɗa wa surukina abin da zan yi: bidiyo, ba hula, yana kuka. Ya miƙe tsaye.

"Umma, da girmanki? Za ki nuna mata abin da ta..."

Ya tsaya. Na ce, "Abin da ta me? Ƙarasa."

"Abin da ya faru."

"Ta san abin da ya faru, ai tana wurin. Abin da ya biyo baya ne ba ta sani ba."

Ya ce ɗansa ne, bai yarda ba. Ya ce in na cire hular nan na ɗauka, zai kwashe yaron ya kai gidan yayarsa. Na ce ka kai, ita ma ta ɗanɗana rashin barci. Sannan na tambaye shi, "Kai ka taɓa ɗaga hular ka duba?"

Bai taɓa ba. Ni ke yi masa wanka, ni ke shafa maganin. Uban yana zuwa kullum, ya ɗauke shi ta gefen dama, ya sumbaci goshi, ya ajiye. Ya ce, "Sai anjima, Umma," da ladabi kamar an zuba masa a cokali, ya fita ya bar ƙofa a buɗe.

Malam ya ce, "Malama, a bi shi a hankali, shi ma ciwo ne da shi." Na ce kowa na da ciwo, ɗaya ce ba ta cin abinci.

Lahadi, da yamma

Ba a bar ni na gan ta ba, wai tana barci. Na ɗauko littafi daga jaka na zauna a bencin ƙofar ofishin Likita. Ya shiga, ya fita, ya shiga. Na juya shafi. Ya aiko a ce min in tafi. Na juya shafi. Zaman shiru sana'ata ce, bai san da wa yake yi ba.

Da zai tashi ya tsaya a kaina. Na faɗa masa maganar da Auta ta yi wa Nas, kalma bayan kalma. Ya ce Laraba, sau ɗaya, kuma yana wurin, in ya ɗaga hannu a kashe. Alhamis da safe za a hau da ita sama.

Litinin, da safe

Na jinkirta wa Angona madara da gangan. Ya fara ƙorafi, ya wuce ƙorafi, ya buɗe maƙogwaro. Na cire hular. Na ɗauka.

A talabijin ya fito siriri kamar an leƙa ta tsagar ƙofa, baƙi dama baƙi hagu, don a tsaye na riƙe wayar. Tabon bai fi ƙwayar shinkafa ba. Na ce wa manhajar ta cika allon. Ta cika, ta yanke masa rabin kai, daidai gefen da nake so. Talabijin ta falo ma, don tsufa, tana cin nata rabon a gefe-gefe. Duk abin da ke bakin hoto ba ya isa. Wani faifan ya tafi kwandon shara.

Na ba shi madararsa ina ba shi haƙuri. Ya sha yana harara ta.

Litinin, ƙarfe uku

Na sake. Wannan karon waya a kwance, taga a bayana, Malam riƙe da shi, gefen hagu a tsakiyar allo. Sai da na sake barinsa da yunwa. Ban san akwai abin da zan tsana kamar tsayuwar nan ba, fidar madararsa a aljihun rigata da ɗuminta, yaro yana ihu har harshensa na rawa, ni ina gyara haske.

Malam ya gyara riƙo. Ya ce, "Malama, yi sauri, yaron nan zai kai mu ƙara."

Na matso da wayar har kan wurin. Layin ɗinkin ya koma ruwan hoda, gashi ya fara tsirowa a kansa. Angona ya kai hannu ya yakushi kunnen, ya harba ƙafa, ya yi wa kakansa abin da ya saba yi min a zane.

Ba kiɗa. Ba narkewa. Ba ado. Na buga shi yadda yake.

Talata, da la'asar

Ina cikin gwaji a falo surukina ya shigo, da jakar yaron babu komai a hannunsa, alamar kwashewa ya zo yi. Ihun ya tare shi a bakin ƙofa. Ya tsaya ya kalli allon har ya ƙare.

Ya wuce ɗakina. Na bi shi na tsaya a labule. Ya durƙusa a bakin gado, ya sa yatsa biyu ya zare hular kamar mai cire bandeji a jikinsa. Ya duba wurin. Ya ce, ba da ni yake ba, "Ashe ya warke."

Da zai fita ya bar jakar a kan kujera. Ya ce, "Ƙarfe nawa gobe, Umma?"

Laraba, da asuba

Faifai biyu na buga, iri ɗaya, na naɗe kowanne daban. Na gwada su. Na sake gwada su. Malam ya ce zan cinye su da kallo.

Laraba, da yamma

A keken marasa lafiya aka kawo ta, robar ƙarin ruwa a hannu. Likita ya tsaya kusa da madannin kashewa. Mijinta yana bayan kujerata, ina jin numfashinsa. Dattijuwar talabijin tana wurinta. Nas ta sa faifan. Na'urar ta yi tunani, ta daɗe fiye da kullum, har na fara lalubar na biyun a jaka.

Sai ihu ya cika ɗakin. Na manta ban rage sautin ba. Wata ta toshe kunne. Dattijuwa ta ce, "Kai! Wannan ɗa da baki yake!"

Auta tana kallon cinyarta. Na ga kukan ya shige ta ta kafaɗa tukuna, kafin kanta ya juya. Ta dafa keken ta miƙe. Likita ya ɗaga hannu rabi, Nas ta girgiza masa kai, ya sauke. Ta ja ƙarfen ƙarin ruwan har gaban kejin, ta zura yatsu cikin ragar. Wurin ya cika allon. Ba ta kau da kai ba. Ta bi layin da ido daga farko har ƙarshe. Yaron ya harba ƙafa. Muryar babanta ta fito tana cewa a yi sauri.

Ba ta juyo ba ta ce, "Wa ke riƙe da wayar?"

Na ce, "Ni ce."

Sai ta juyo. Rabon da in ga wannan idon tun kafin ta haihu.

"Umma, yunwa yake ji. Kukan yunwa ne wannan, ba kya ji? Kina tsaye kina ɗaukarsa yana ihu haka?"

Na ce, "Na ba shi daga baya."

"Daga baya! Kuma dubi yadda Baba ya riƙe shi, wuyansa fa? Haka kuke yi masa kullum?" Ta juya kan mijinta. "Kai kuma kana ina ake wannan?"

Hawaye suka zubo masa. Ta dawo kaina. "Yanzu wa kika bar wa shi?"

"Babanki."

"Baba? Shi kaɗai? Umma, me kike yi a nan? Tashi ki tafi!"

A gaban Likita, a gaban nas-nas, a gaban dukan ɗakin, 'yar da na haifa ta wanke ni tas kamar tsumma. Ba wanda ya taɓa yi min tsawa haka na ƙyale shi. Na ɗauki jakata na ce to.

Na fita baranda. Na zauna a ƙasa. Daga ciki na ji ta tana ce wa Nas a fitar a mayar, tana so ta gani daga farko.

Alhamis, da hantsi

Babbar Nas ta bugo. Ba a hau da ita ba, Likita ya ce a dakata a gani. Ta sha rabin kofin shayi, ta ci loma biyu na burodi, ta amayar da ɗaya. Ta yi kuka da yawa. Nas ta ce kar in yi saurin murna, hanyar da saura. Na ce ban iya murna ba ko da can.

Ta ce kuma akwai saƙo daga Auta, ta sa ta maimaita shi don kar ta rage komai: a yanke masa farce yau yau, ta ga yana kai hannu kunnen, zai yage wurin, kuma ba da reza ba.

Na birkice aljihun tebur kaf ban ga abin yanke farcen ba. Malam ya rantse bai taɓa shi ba. Shi ya taɓa.